Kwalaben Arita da dutsen da aka daka

Daga tashar Hakata ta birnin Fukuoka zuwa Arita tafiyar wajen sa'a ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa. Jirgin yana ratsa gonakin shinkafar jihar Saga, fili fetal, sannan ƙasa ta fara tashi, tuddai su matso ta dama da hagu, har ka iske garin ya maƙale cikin wani siririn kwari. Abin da ke fara shaida maka ka iso shi ne dogayen bututun hayaƙi na jan bulo da ke leƙowa ta saman rufin gidaje. Mutanen garin ba su kai 20,000 ba, amma nan aka fara yin tangaran a ƙasar Japan, shekara 400 da ɗoriya ke nan.

Sana'ata sayar da kayan tangaran ce a Kano: faranti, kofi, butar shayi, kayan jeren amare. Ɗan yayata da ke karatu a Fukuoka shi ya yi mini rakiya, shi ne kuma tafintana. Da na gaya masa tsofaffin kwalaben nan masu zane nake son gani, sai ya ɗan yi jim.

"Kawu, ka san fa na giya ne. Giyar shinkafa, wadda suke ce wa sake."

Na ce na sani. Giya haramun ce a gare ni a Kano, haramun ce a Japan, kuma ba ita ta kawo ni ba. Amma duk wanda ya daɗe yana juya tangaran a hannu ya san kwalba ta fi faranti wuyar yi. Faranti a buɗe yake, kana ganin aikinka. Kwalba kuwa sai magini ya ɗaga yumɓu ya yi mata ciki, ya tattaro shi ya matse wuya, alhali hannunsa ba ya ƙara shiga ciki. Mai zane kuma a kan abu mai lanƙwasa yake jan layi, dole ƙarshen zanen ya zagayo ya haɗu da farkonsa. In kana son sanin gwanintar gari, kwalabensa za ka duba.

Muka koma baya tasha ɗaya a ƙaramin jirgi zuwa Kami-Arita, muka taka da ƙafa zuwa Izumiyama. Da can dutse ne. Yanzu wagegen rami ne mai bango fari-fari da ɗorawa-ɗorawa, ciyawa ta fara cin gefensa. Ƙarni bayan ƙarni ana sarar dutsen, a daka shi da turmi mai aiki da ƙarfin ruwa, a tace garin, a kwaɓa, a gina, a gasa, har dutsen ya kusa ƙarewa. Yau yawancin masu sana'ar daga tsibiran Amakusa suke sayo dutse.

Labarin wurin da yaƙi ya fara. A 1592, sannan a 1597, Toyotomi Hideyoshi ya tura rundunoni ƙasar Koriya. Da ya mutu a 1598 aka janye, sarakunan yaƙin Kyushu, tsibirin da Arita take, suka dawo da magina tukwane 'yan Koriya masu yawa, domin a lokacin Koriya ta iya tangaran, Japan ba ta iya ba. Cikin waɗanda suka faɗa hannun gidan Nabeshima, masu mulkin Saga, akwai Yi Sam-pyeong, wanda Japanawa ke kira Ri Sanpei. Bisa labarin da garin ya riƙe, shi ya gano dutsen Izumiyama a 1616. Ya mutu a 1655 ɗauke da sunan Japanawa, Kanagae Sanbee, kuma zuriyarsa na nan Arita suna sana'ar. Ba a daɗe da gano dutsen ba hukumar Saga ta ga akwai kuɗi a ciki, ta kuma ga masu gasa tangaran na neman cinye dazuzzuka da saran itace. A 1637 ta kori magina fiye da 800, ta rage matoya, wato tanderun gashin, ta sa idonta a kan sauran. Tun daga ranar tangaran ya zama dukiyar sarauta.

Muka gangaro cikin tsohuwar unguwa. Lokacin kaka ne, babban itacen icho da ke kusa, wanda aka ce ya kai shekara 1,000, ya zama rawaya tun daga sama har ƙasa. Gidajen titin yawancinsu bayan gobarar 1828 aka gina su, wadda ta cinye garin. Ta bayan gidajen akwai katangun da suke kira tonbai, waɗanda aka yi da tsofaffin bulon matoya da fasassun kayan aiki, aka haɗa da jar ƙasa. Wuta ta riga ta narkar da fuskar bulon, sai ka ga katanga tana ɗan ƙyalli.

A ɗaya daga lungunan nan muka faɗa shagon wani dattijo mai sayar da tsofaffin kaya. Bai tashi ba, bai kira ciniki ba, ya dai amsa gaisuwa. Na durƙusa na ɗauki wani ɗan kwano, na tallafe shi kusa da tabarma, na ƙwanƙwasa bakinsa da farce na kasa kunne. Tangaran mai lafiya amonsa dogo ne, mai ɓoyayyar tsaga kuwa muryarsa a dishe take. Dattijon ya yi wa ɗan yayata magana, wai ko ni ma ɗan sana'a ne. Da aka ce masa e, sai ya miƙe ya shiga ciki ya fara fito da akwatunan katako ɗaure da zare.

Kwalbar ita ce tokkuri. Ya jera su a gabanmu, kowace da aikinta. Manya masu tumbi na ajiya ne da zuwa awo, wasu na cin sho ɗaya, wato lita 1.8. Ƙanana masu tsawo da siririn jiki na cin go ɗaya ko biyu, go kuwa mililita 180 ne. Waɗannan ana tsoma su cikin ruwan zafi don a ɗumama abin da ke ciki, shi ya sa ake yi musu jiki marar kauri, kuma sai a ƙarshen zamanin Edo, wato zamanin mulkin sarakunan yaƙi, cikin ƙarni na 19, suka bazu a gidajen talakawa. Akwai mai faffaɗan ƙasa wadda ba ta kifewa a jirgin ruwa. Akwai masu siffar duma, da ƙugu a tsakiya. Akwai 'yan biyu, iri ɗaya sak, waɗanda ba a raba su, ana ajiye su a wurin bautarsu na Shinto cikin gida.

Sai finjalai. Sakazuki ɗan faifai ne marar zurfi, choko ya ɗan fi shi zurfi, amma duk ba su wuce kurɓi biyu ko uku ba. Na tambayi dalilin ƙanƙantarsu. Dattijon ya ce a al'adarsu mutum ba ya zuba wa kansa in yana cikin jama'a. Kai ka zuba wa na kusa da kai, shi ya zuba maka, ƙarami ya riƙe kwalba da hannu biyu in zai zuba wa babba. Ƙaramin finjali yana saurin ƙarewa, sai hidimar ta yi ta maimaituwa. Ya nuna mini wani kwano mai doguwar ƙafa, haisen, wanda ake cika shi da ruwa a ɗauraye finjali kafin a miƙa wa wani ya sha da shi, alamar amana. Zanensa a ciki yake, don a gan shi ta cikin ruwa. A ɗaurin aurensu na gargajiya finjali uku ake ɗorawa, ƙarami kan matsakaici kan babba, ango da amarya su kurɓa bi da bi. Abin da ke cikin finjalin ba nawa ba ne, amma na gane abin da masu ginin suke yi wa aiki: zaman mutane, da wane ne babba, da wa ya yarda da wa.

Zanen ya fi cin lokacinmu. Shuɗin da ke ƙarƙashin ƙyallin, gosu suke ce masa, ma'adini ne da a da ake kawowa daga Sin. Lokacin da ake shafa shi ba shuɗi ba ne, baƙi-baƙi ne, kuma jikin kwalbar na tsotse shi nan take, babu gogewa, babu gyara. Sai an tsoma kwalbar a ruwan ƙyalli an gasa ta a zafin da ya kai digiri 1,300 sannan launin ya fito. Ja da kore da rawaya da ruwan zinari kuwa a kan ƙyallin ake ɗora su, a sake gasawa a wuta mai sauƙi, wajen digiri 800. Don haka in ka shafa tsohuwar kwalba za ka ji ja ya ɗan taso, shuɗi kuwa sumul. Zinari shi ke fara gogewa, a daidai inda yatsu ke kamawa.

Abin da ake zanawa ba na banza ba ne. Itacen matsu da gora da furen ume, su uku tare, saboda suna jure sanyi. Gauraka da kunkuru na tsawon rai. Wata kwalba an cika ta da reshe mai nannaɗewa, da 'yan ƙayoyi jere a gefensa, tun daga wuya har ƙasa babu gurbin da aka bari. Dattijon ya ce a tsofaffin ana zana kowane reshe da layi biyu a cike tsakiyar, a na baya kuwa layi ɗaya ake ja don sauri. Da wannan kaɗai mai ido zai iya kintatar shekarun kaya. Haka launin shuɗin: na da yana da duhu da ɗan toka-toka, ba ya zama daidai ko'ina. Bayan da wani Bajamushe masanin sinadarai, Gottfried Wagener, ya zo Arita a 1870, aka koma ga shuɗin masana'anta mai arha, mai haske da tsawa. Daga nan kuma aka shiga buga zane da takarda, kana iya ganin inda bakin takardar ya haɗu.

Ni dai na farkon nan suka fi kwanta mini, na shekarun 1630 da 1640. Jikinsu da kauri, farinsu bai yi tas ba, zanen kuma 'yan layuka ne kawai: ciyawa, tsuntsu ɗaya, tudu daga nesa. Ya juya wata ya nuna mini kusa da ƙasanta, inda shatin yatsu ya fito a cikin ƙyallin. Wurin da ma'aikacin ya kama ke nan lokacin da ya tsoma ta.

Daga nan na fara lura da wani abu da ya bi ni har ƙarshen tafiyar. Na yi ta juya kwalabe ina duba ƙasansu. Wasu babu komai. Wasu an rubuta harafin fatan alheri. Da yawa an rubuta cewa an yi su a zamanin Chenghua, sarkin Sin na daular Ming da ya yi mulki daga 1465 zuwa 1487, alhali a Arita aka yi su shekara 200 ko 300 bayansa, don sunan ya zama ado da alamar daraja. Kwalaben awo na ɗauke da sunan mai shagon giya da manyan haruffa. A cikin wani kwando a bakin ƙofa akwai tulin finjalan sojoji, masu tuta da tauraro da furen sakura, waɗanda soja ke sa a yi ya raba wa dangi in ya gama aikin soja lafiya, daga zamanin sarki Meiji, a ƙarshen ƙarni na 19, har zuwa yaƙin duniya na biyu. Su ma da sunan sojan da na rundunarsa. Sunan kowa na nan ban da na wanda ya yi aikin.

Dalili ɗaya shi ne babu mutum guda da ya yi ta. Wani ya gina, wani ya ja layi, wata ta cike shuɗin, wani ya tsoma, wani ya kwana yana jefa itace a wuta. Masu jan launi ma unguwarsu daban, Akae-machi, inda hukuma ta tara su ta ƙayyade gidajensu, daga baya suka tsaya a 16, kuma sirrin haɗa launi ɗan da zai gaji gida kaɗai ake ba. Sunayen da suka tsira na gidaje ne. Gidan Imaemon yana nan a unguwar. Gidan Kakiemon kuma ana danganta wa kakansu, Sakaida Kakiemon, fara jan launi a shekarun 1640, ja mai kama da nunannen kaki, wani ɗan itace dangin kanyarmu. Yau magaji na 15 ke riƙe da sunan.

Ban sayi kwalba ba. Ba zan ajiye a gidana abin da aka yi don giya ba, komai kyansa. Na sayi ɗan kofin miyar taliyar soba mai shuɗin zane, dattijon ya naɗe shi da takarda kamar wanda zai yi shekara a hanya.

Kafin la'asar muka hau matakalar Tozan, wurin bautar masu sana'ar, wanda aka kafa a 1658. Layin dogo ya ratsa ta kan hanyar shigarsa. Na tsaya daga waje na kalli ƙofarsa, wadda aka yi da farin tangaran mai shuɗin zane a 1888. Can saman tudun akwai hasumiyar tunawa da Ri Sanpei, an kafa ta a 1917, lokacin da ƙasarsa ta haihuwa ke ƙarƙashin mulkin Japan. Daga can kana ganin garin duka. Na yaba da karramawar, amma zuciyata ba ta bar tunanin yadda mutumin ya zo ba, da sauran da suka zo tare da shi.

Washegari muka je gidan tarihin tangaran na Kyushu, wanda aka buɗe a 1980 a kan wani tudu kusa da tashar Arita. Akwai tarin da wasu ma'aurata, Shibata, suka bayar kyauta, fiye da guda 10,000, an jera su bisa zamani, kana tafiya kana ganin jiki na ƙara sirancewa, fari na ƙara fari, launi na ƙaruwa. A wani ɗakin kuma kayan da aka kai Turai ne suka dawo gida. Da daular Ming ta faɗi a 1644, yaƙi ya tsayar da tangaran ɗin Sin, sai kamfanin Holan mai fatauci a gabas ya juyo Arita, ya fara babban oda a 1659. Ana kai kaya tashar ruwan Imari, daga can zuwa Dejima, ɗan tsibirin Nagasaki inda aka killace 'yan Holan. Shi ya sa duniya ta san kayan da sunan Imari. Ga kwalabe masu kusurwa huɗu da aka kwaikwayo daga kwalaben gilashin Holan, ga manya-manya da aka lulluɓe da ja da shuɗi da zinari, salon da ya yi tashe daga wajen 1690. Sarakunan Turai ba sha suke yi da su ba. Jera su suke yi a bango tun daga ƙasa har rufi, kamar yadda iyayenmu mata ke jeren ɗakin amarya, kuma don dalili ɗaya: a shigo a gani. Sarkin Saksoni ta ƙasar Jamus, Augustus, ya tara su da yawa a Dresden, masana'antar Meissen da ya kafa a 1710 ta kwaikwayi zanen Kakiemon. Arita da garin Meissen sun ƙulla ƙawance a 1979. Aikin zinarin nan abin mamaki ne, sai dai ido na gajiya da shi, babu inda zai huta.

Mun ɗan leƙa Hasami, garin da ke maƙwabtaka, cikin jihar Nagasaki, inda aka yi wa talaka kaya masu arha. A can na ga kwalaben konpura, gajeru masu kauri, babu fure babu tsuntsu, sai rubutun boko da shuɗi: JAPANSCHZAKY a na sake, JAPANSCHZOYA a na ruwan miyar waken soya. A cikinsu ake fitar da kayan ta Dejima. Maginan da suka rubuta haruffan kwaikwayonsu suke yi kamar zane.

Okawachiyama muka bari a ƙarshe. Daga Arita ƙaramin jirgi zuwa Imari, daga nan bas ta shiga da mu cikin duwatsu. Ƙauyen a ƙarshen kwari yake, tsaunuka masu tsini sun kewaye shi ta gefe uku. A 1675 gidan Nabeshima ya kwaso gwanayen maginansa ya kawo su nan, ya kafa shingen tsaro a hanya ɗaya tilo da ake shiga. Abin da suke yi ba na kasuwa ba ne, kyauta ce ga shogun, sarkin yaƙin da ke mulki daga Edo, wato Tokyo ta yau, da sauran manya. Yawanci faranti ne masu ƙayyadadden girma, da kofuna, da kwalabe kaɗan. Shuɗi, ja, rawaya, kore, babu zinari, kuma layin ya daidaita har ka rantse ba hannu ya ja shi ba. Wanda ya sami aibi fasa shi ake yi don kada ya fita. Maginan na da albashi da daraja, amma ba su da ikon fita da abin da suka sani. Haka aka zauna har 1871, da aka rushe mulkin gidajen sarauta.

A bakin ƙauyen, tsallaken rafi, an tattara duwatsun kaburburan maginan da ba su da mai ziyara, wajen 880, an tula su sun yi dala. Na daɗe a wurin. Mutanen da suka yi tangaran mafi kyau a ƙasar ke nan, kayansu na cikin gilashi a gidajen tarihi, su kuma ko dangin da zai share musu kabari babu.

Bayan 1871 ne sunaye suka yawaita a ƙasan kaya, su ma na kamfani: furen Koransha da aka kafa a 1875, dutsen Fuji da ruwa na Fukagawa Seiji daga 1894. A Okawachiyama yau akwai matoya wajen 30, ƙofofinsu a buɗe. Muka shiga wata, muka sami wata mata tana cike shuɗi a jikin kwalba. Burushinta kakkaura ne, ta cika shi da launi, tana matsa shi da yatsu launin na gangarowa, tana karkata kwalbar yana bin layi, in ya yi yawa ta saki matsin burushin ya tsotse. Bakin burushin kusan ba ya taɓa jikin. Na ce wa yaron ya tambaye ta ko sunanta na hawa kan kayan.

Ta ajiye burushin, ta juya wani kofi da aka gama, ta nuna sunan matoyar. Ta ce hannu nawa ya bi ta kansa, sunan wa za a sa a bar wa? Na ce ko da haka ne, ni a ganina mai aiki ya cancanci a san shi. Yaron ya fassara, ta gyaɗa kai, ta ce ita ba wannan ke damunta ba. Cike shuɗi sai an shekara da shekaru kafin hannu ya zauna, yaran yanzu kuma birni suke tafiya. A ɗakin nan, in ji ta, ita ce ƙarama, kuma ta haura hamsin.